Muttaka, Wanda Ya Hana a Wanke Kwamfutar Jannatu

Idan aka idar da sallar asuba a Anka, Malam Muttaka ba ya komawa shimfiɗa. Yakan biya wajen mai ƙosai ya ƙunso na karyawa, ya gangara layin bayan tasha inda shagonsa yake, tsakanin mai ɗinkin takalma da mai sayar da katin waya. Shagon kuwa, in mutum uku suka shiga, na huɗu sai ya tsaya a ƙofa. Zai cire kwaɗo da bismillah, ya yayyafa ruwa a ƙasa kafin ya sa tsintsiya, ya goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, ya jera sukudireba daga babba har wanda bai fi allura kauri ba. Sannan ya maƙala tabaransa, wanda wayar rediyo ce ke riƙe da ƙafarsa ɗaya, ya zauna jiran kwamfutocin da suka gaji.

Shekara talatin da ɗaya ke nan yana zaune a wannan kujera. Da rediyo ya fara, ya koma kaset, ya koma talabijin. Da kwamfutar cinya ta shigo ƙasar nan, wadda yara ke ce wa laftof, bai ce ya tsufa ba. Ya samu wata matacciya da wani malamin makaranta ya jefar, ya warware ta ya mayar, ya sake warwarewa ya mayar, har ya san kowane ƙusa da mazauninsa. Bai taɓa zama a ajin koyon kwamfuta ba, babu takardar shaida rataye a bangonsa. Amma daga Gummi ana ɗauro masa kwamfuta a bayan babur, daga Bukkuyum ana aiko masa a hannun direba, an naɗe ta a zane kamar jaririya.

Ni dai yau raina a ɓace na ɗauki alƙalami, gara in faɗa tun da wuri. An yi taro, an kafa rumfa, an sha lemo, an kira sunaye ɗaya bayan ɗaya ana tafi, ba a kira sunan mutumin nan ba. To tun da su sun manta, ku gyara zama ku ji abin da ya yi, ku yi hukunci da kanku.

Ciwon da aka fi kawo masa guda ne: nauyi. Kwamfuta ta yi nauyi, a kunna ta tana nazari, a danna abu sai an gama gaisawa da maƙwabci kafin ya buɗe. Akwai wani Modibbo Manu daga Gwashi da ya zo da tasa yana cewa lallai sammu aka yi mata. Mutanen da ke zaune a bencin ƙofa sun shaida yadda Muttaka ya kunna ta, ya ƙirga manhajoji goma sha tara da ke tashi tare da ita tun kafin mai ita ya nemi ko ɗaya, ya ce, "Modibbo, in kat tashi da sahe baƙi goma sha tara sun tsare ma ƙohwa kowa na son gaisuwa, yaushe za ka kai wurin shanu?" Ya sallami goma sha shida, ya bar uku. Modibbo ya koma gida yana ba da labarin an karya sammu.

Wannan shi ne halinsa, yana bin ciwo har gindinsa. Amma yawancin masu gyaran zamani ba su da wannan haƙuri. Suna da magani ɗaya tak ga kowace cuta, suna kiransa wanki. Ku riƙe kalmar nan da kyau, don a kanta komai ya rataya. A bakin masu gyara, wanke kwamfuta ba ruwa ba ne, ba sabulu ba. Shafe ta ne ƙaf, a share duk abin da ke cikinta, hoto da rubutu da komai, ta koma fayau kamar ranar da aka sayo ta. Tana yin sauri kam bayan haka. Ina ba za ta yi sauri ba, an kwashe mata kaya? Sai mai ita ya je gida ya nemi abinsa ya tarar babu. Ɗalibai nawa suka yi kuka a layin nan a kan rubutun kammala karatu? Wa ya ƙirga?

To, akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Jannatu, da ke aiki a wani ƙaramin ɗakin shan magani a ƙauyukan wajen Bagega. Kowa a ƙasar nan ya san abin da ƙurar dutsen zinariya ta yi mana, ya san yaran da gubar dalma ta ɗauka a Dareta da Bagega, ba sai na tayar wa iyaye da miki ba. Aikin Jannatu shi ne bin yaran da suka rage. Duk yaron da aka ɗibi jininsa aka auna, ita ke rubuta sakamakon, da rana, da nauyinsa, da maganin da ya sha. Littafin takarda da take rubutawa a ciki, rufin ɗakin ya yi yoyo a wata damina ya jiƙe, gara ta ƙarasa saura. Abin da ya rage a duniya na tarihin yaran nan ɗari biyu da wani abu yana cikin wata tsohuwar kwamfuta baƙa mai tsagaggen gefe.

Kwamfutar nan ta yi nauyin da ya wuce misali. Jannatu takan kunna ta, ta auna yara biyar a sikeli, ta dawo ta tarar ba ta gama buɗe ido ba. Ga zafi kamar an ɗora ta a murhu, ga fankarta na gurnani, wani lokaci tana tsakar rubutu sai ta ɗauke ɗif.

Cikin yaran akwai Basma, 'yar shekara biyar, jikar wata bafulatana da ake kira Goggo Saude. Uwar yarinyar ta rasu, Goggo ke riƙonta. A daminar bara Basma ta fara faɗuwa tana sandarewa, ta daina cin abinci, ƙafarta ta daina ɗaukarta sosai. Likitocin da ke zagayowa sun aiko cewa ranar Alhamis za su zo, kuma mota ɗaya gare su, yara kaɗan za su iya tafiya da su babban asibiti. Sun ce a tanadar musu sakamakon baya na kowane yaro, don da shi za su ga wanda gubar ke hauhawa a jikinsa. Wanda ba shi da tarihi sai a sake ɗibar jininsa ya jira zagaye na gaba. Zagaye na gaba kuwa, da damina da halin da hanyoyinmu ke ciki, sai wanda ya gani. Goggo Saude ta riƙe hannun Jannatu ta ce, "Ke ad da takardar ɗiyag ga. Kada su tahi su bar min ita."

Ranar Litinin Jannatu ta kira shugabanta a ofis, wani Magaji, ta gaya masa kwamfuta ba za ta kai Alhamis ba. Yana cin abinci yana amsa mata, ya ce, "Wagga tsohuwa? Ai ta gama aiki, mun rubuta a kawo sabbi. Kahin nan ki kai ta Anka a wanke maki ita, za ta yi sauri." Ya kashe waya.

Jama'a, ku dubi Allah ku dubi wannan magana. Ya san abin da ke ciki. Ya san ma'anar kalmar da ya faɗa. Bai ƙara ko harafi ɗaya ba. Ita kuwa Jannatu, matar da shekara da shekaru ba ta da wa'azin da ya wuce wanki: ku wanke hannun yara kafin su ci, ku wanke tufafin masu haƙa a waje kada su shigo da su gida, ku wanke turmi, ku wanke tabarma. Ga ƙura tana gani ta toshe ramukan gefen kwamfutar. Da aka ce wanki, me kuke so ta fahimta? Har daɗi ta ji, ta ce ashe ita ma ƙurar ce ta kama ta.

Talata da sassafe ta hau babur zuwa Anka, cikin taɓo, da kwamfutar a cikin leda biyu. Ba shagon Muttaka ta nufa ba, ba ta ma san da shi ba. Ta shiga na tsallaken titi, mai gilashi da fitilu masu launi, na wani Usama da ya yi karatun abin a Gusau. Ta ce a wanke mata ita tas, kada a bar komai. Usama ya ce an gama, ta dawo bayan azahar. Ta wuce kasuwa sayen auduga da sabulun ɗakin magani.

Allah da ikonsa, filashin da Usama ke yin wankin da shi, wannan ɗan ƙarfen da ake soka wa kwamfuta a gefe, ya ƙi aiki a safiyar. Sai ya tsallako aro.

"Baba Muttaka, ara min hilashinka na wanki, yanzun nan in maido."

Muttaka bai ɗago ba. "Ta wa ta?"

"Wata mata ta."

"Mi ag ciki?"

"Ina ruwana da abin da ac ciki? Ita tac ce a wanke tas."

"Ka tambaye ta ko ta aje kayanta wani wuri?"

Usama ya juya wajen masu zaman benci yana dariya. "Kun ji shi ko? Baba Tambaya! Mutum ya kawo aiki sai ka yi mai tambayar kabari. Shi ya sa kwamfuta ka kwana ukku wurinka, ni awa guda na sallame ta."

"Awo, kana sallamarta," in ji Muttaka, "har da mai ita."

Aka yi dariya. Muttaka ya tashi, ya zura filashin a aljihun gaba, ya ce muje in gani. Da ya shiga shagon gilashin ya ɗaga kwamfutar, abu biyu ya gani. Ga takardar ɗakin shan magani manne a murfinta, rabin rubutun ya goge. Ga kuma ƙurar da ta cushe ramukan iska, laushi gare ta kamar garin kwalli, ba irin jar ƙasar titi ba. Ya san daga inda irin wannan ƙura take zuwa. Usama ya miƙa hannu ya karɓa, ya kumbura kumatu zai hure ramukan. Mai ɗinkin takalma, wanda ya biyo su kallo, ya rantse bai taɓa jin Muttaka ya ɗaga murya ba sai ran nan.

"Kada ka hura! Ƙurar Bagega za ka watsa cikin shago, ga mai kunu bakin ƙohwa, ga ɗiyan mutane na wucewa? Rufe bakinka!"

Usama ya sandare da iska a baki. Da ya sauke, sai fushi ya zo masa. Ya ce aikinsa ne, shi aka kawo wa, tsoho ya zo zai ƙwace masa mai ciniki da rana tsaka. Muttaka ya ce ba ya son aikin, ba ya son komai, amma filashinsa ba zai shiga jikin kwamfutar nan ba sai mai ita ta dawo, kuma in Usama ya aro na wani, to sai dai ya ɗaga shi daga kanta. Ya jawo kujera, ya ɗora kwamfutar a cinya, ya rungume. Ya bar shagonsa a buɗe, ƙosansa na sanyi a tebur. Tun hantsi har aka kira azahar yana nan zaune, Usama na zagaye shi yana ƙunƙuni, mutanen layi na leƙowa suna cewa yau tsoho ya yi kamun kwamfuta.

Kai ne ka zauna, Muttaka. Ba ka san Jannatu ba, ba ka san Basma ba, ba ka san akwai wata Alhamis da ake jira ba. Abin da ka sani kawai, ba a tambayi mai abu ba. A kan wannan kaɗai ka bar a yi maka dariya rabin yini.

Da Jannatu ta dawo ta ga baƙon dattijo rungume da kayan aikinta, ta tsaya turus. Ya gaishe ta, ya ce, "Ɗiyata, wane wanki kika nuhi?"

"Na ƙura mana, Baba. Ta cika da dauɗa, shi ya sa take nauyi."

"To abin da ac ciki hwa? Kina da shi wani wuri?"

"Wane wuri? Ai ita ta wurin. Sunayen yara na, da awon jininsu na shekara shidda."

Muttaka ya dubi Usama. Usama ya dubi ƙasa. Sai dattijon ya fassara mata kalmar a hankali, yadda ake gaya wa mutum rasuwa. Jannatu ta saki ledar auduga, ta zame ta zauna a dandamalin shagon, tana ta maimaita innalillahi. Ta ce, "Da bakina nic ce kada a bar komi. Da bakina." Ta juya ga Usama, hawaye na zuba, "Kai kuma da ka ji mace ta ce a wanke, ba ka ce mata wankinku ba irin na mutane ba na?" Usama ya ce shi dai abin da aka ce ya yi zai yi. 

Daga nan aiki ya koma shagon Muttaka, kuma masu benci sun ga komai, don bai taɓa gyara a ɓoye ba. Bai fara da sukudireba ba. Ya ce kafin a taɓa mara lafiya sai an fitar da dukiyar gida. Ya kunna ta, suka jira ta gama nazarinta, Jannatu ta nuna masa inda sunayen suke, ya kwafe su a filashi biyu. Kwafin nan kaɗai ya ci har la'asar, don rumbun ajiyar kwamfutar ya tsufa, yana wani ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin buhu, sau biyu tana ɗaukewa saboda zafi. Ya ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta shiga ta ƙasa, ya sa mai ɗinkin takalma yana yi mata fifita da kwali. Da aka gama, ya ba Jannatu filashi ɗaya ya ce ta ƙulle a bakin zane, ɗayan ya ce ta ba wanda ta yarda da shi a wani gida dabam.

Sannan ya ce, "Yanzu a yi wankin da kika nuhi."

Ya fita da ita bayan shago, nesa da masu abinci. Ya ɗaure hanci da baki, ya shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu, ya kwance bayanta. Abin da aka tarar a jikin fankar, sai da Jannatu ta kau da kai: ƙura ta dunƙule ta zama kamar ƙullin auduga, ta toshe hanyar iska gaba ɗaya. Bai hura ba, bai karkaɗe ba. Da auduga mai ɗan danshi ya dinga ɗauke ta kaɗan-kaɗan, yana jefawa a leda, lungu bayan lungu. Ya kankare busasshen man da ke tsakanin ƙwaƙwalwar kwamfutar da ƙarfen da ke janye mata zafi, ya shafa sabo. Ya ƙulle ledar da buhun, ya ce Jannatu ta tafi da su inda suke zubar da irin wannan. Ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, sau biyu. Jannatu ta ce a duk shekarunta na wa'azin wanki ba ta taɓa samun ɗalibi irinsa ba, ga shi ba ta ma koya masa ba.

Laraba da safe ya shiga cikinta. Ya tarar da manhajoji rututu masu tashi tare da ita, ya sallame su. Ya tarar da cutar kwamfuta da filashin mutane ya kwaso mata, ya kashe. Ya tarar rumbun ya cika maƙil, ya duba abin da ya cika shi, sai ga bidiyon biki, da na kilisa, da waƙoƙi, sun cinye fiye da rabin wurin. Bai goge ba sai da ya kira Jannatu.

"Wannan angon mai babbar riga, kin san shi?"

Ta leƙa, ta riƙe baki. "Ƙanen Oga Magaji na! Ai wata biyu tana ohis ɗinsu bara, sunka ce za su duba ta."

"To sun duba ta," in ji Muttaka.

Kun ji fa. Kwamfutar da ake auna ran yara da ita, an mayar da ita gidan kallon biki, sannan mai bikin ya ce ta tsufa a shafe ta. Muttaka ya kwashe bikin a wani filashi, ya ce a kai wa mai shi, ba ya goge abin wani ko da wanda ya ɓata masa rai ne. Saura rumbun nan mai ƙas-ƙas, wanda ya ce ba zai amince masa da ran kaza ba. Sabon rumbu, mai sauri, babu shi a Anka a ranar, sai an aika Gusau, kuma ba zai iso kafin Alhamis ba. Sai ya jawo tasa kwamfutar daga ƙarƙashin tebur, wadda yake aiki da ita, ya kwashe nasa kayan, ya zare rumbunta, ya zare ram ɗinta, wato ɗan allon da ke ba kwamfuta faɗin wurin juya aiki, ya dasa wa ta Jannatu, ya kwafe duk abin da ke tsohon rumbun zuwa cikin wanda ya dasa. Tasa ta kwanta mako biyar a buɗe kamar an yi mata fiɗa.

Da la'asar ya ce ta kunna. Ta danna, ta juya za ta gyara mayafi kamar yadda ta saba, mai ɗinkin takalma ya ce, "Malama, ai ta buɗe." Ta danna sunayen, suka zubo gaba ɗaya, babu wanda ya ɓace.

Alhamis likitoci suka zo, ana tafka ruwa, suna sauri su juya kafin rafi ya cika. Iyaye sun cika baranda. Duk yaron da aka kira, kafin ya ƙaraso teburin tarihinsa ya bayyana. Da aka zo kan Basma, likitar ta ga awo uku a jere, kowane ya fi na bayansa, ta dubi yarinyar, ta ce a ɗauko kayanta. Goggo Saude ta shiga motar da ƙullin tufafi a ka, ko sallama ba ta tsaya yi ba. Mota ba ta sake shiga ƙauyen ba sai bayan wata huɗu. Ku lissafa da kanku, ni ba zan iya faɗa ba.

To me ya biyo baya? A nan ne zuciyata ke tafasa. Jannatu ta samu takardar gargaɗi, wai ta kai kayan hukuma wurin mai gyaran rediyo ba da izini ba. Mai gyaran rediyo! Da sabbin kwamfutocin suka iso a watan jiya, aka yi taron da na gaya muku. Magaji ya miƙe da babbar riga ya ce saboda kulawar ofishinsa ba a taɓa rasa sunan yaro ko ɗaya ba. Aka tafa. Aka ba shi allon yabo mai ruwan zinariya, ya riƙe a ƙirji aka ɗauki hoto. Jannatu na can baya tana raba lemo. Muttaka kuwa yana shagonsa, taku ɗari uku daga rumfar, yana jin lasifika, yana ciro ƙura daga fankar wani ɗalibi. Da mai ɗinkin takalma ya zo yana huci yana ba shi labari, cewa ya yi, "Yaran dai suna nan ko? To miƙo min ƙaramin sukudireban can."

Shi ya haƙura. Ni ban haƙura ba. Wane irin gari ne wannan, da mai shafewa ke karɓar allo, mai tsarewa ko a ce masa sannu? Idonsa ya fara yana, yanzu sai ya kai ƙusa kusa da hanci yake ganinsa. So kuke sai ya kwanta dama a taru a ce ai mutumin kirki ne?

Kai ne Muttaka, mai tambaya kafin taɓawa. Kai ne ka ɗauki abin da ke cikin kwamfutar talaka a matsayin amana, ko rubutun ɗalibi ne, ko hoton uwar da ta rasu. Mun gode. Iyayen yara ɗari biyu da ba su san sunanka ba, na ari bakinsu na ce mun gode. Allah Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa aikin nan ya tarye ka a inda babu mai karɓar allon wani. Ku kuma masu shagon gilashi, daga Anka har Gummi har Bukkuyum, ba a ce ku daina sauri ba, amma ku buɗe baki ku gaya wa mutane ma'anar kalmominku kafin ku danna. Usama ma, a gaya masa an gani: an ce yanzu yana tambaya, ko da yake da ɗaure fuska. Masu ofis, ku ji kunya. Sauranmu, layin bayan tasha ba nisa gare shi ba, ku taka ku gaishe shi yana da rai.

Goggo Saude ta riga ku. Ranar kasuwar da ta wuce ta zo da ƙwaryar nono da man shanu, Jannatu ta nuna mata shagon. Ta tsaya a ƙofa ta ce, "Malam, miyetti, na gode. Ga Basma na kawo ma ka gani."

Muttaka ya ɗaga tabarau. "Wace Basma?"

"Wadda ac cikin kwamhutar mana! Ba ka ga sunanta ba?"

"Goggo, ni ban buɗe ba. Sirrin marasa lahiya na, kwahewa kawai niy yi."

Yarinyar ta saki zanen kakarta, ta tako da ƙafarta, ba mai riƙe ta, tun daga bakin titi har gaban teburin. Ta leƙa cikin wata kwamfuta da ke buɗe, ta dubi fankar, ta dubi wayoyin, ta dubi tsohon.

"Baba, wai nan ciki nike da?"

"Nan ciki kike."

"Ai ko akwai matsi."

"Akwai," in ji Muttaka. Ya cire tabaran yana gogewa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. "Shi ya sa munka yi maki wuri."